Yadda zaka canza layi ba tare da mutanenka sun neme ka sun rasa ba

Gara a faɗi gaskiya tun da wuri, babu wani maɓalli guda ɗaya a waya, ko Tecno ce ko iPhone, da zaka danna kawai kowa ya wayi gari yaga sabuwar lambarka ta shiga wayarsa da kanta. Kamfanin layi ma baya yi maka wannan aikin. Abinda ake dashi shine 'yan hanyoyi daban daban, WhatsApp nada tashi, Telegram nada tashi, akwai tura kira, akwai tes, in ka jera su yadda ya dace to kusan kowa zai ji ba tare da ka zauna kana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya har katinka ya ƙare ba. Kuma duk ƙarfin abin yana hannun tsohon layin ne. Mutane tsohuwar lamba suka sani, ita suka yi sebin, ita suka yarda da ita, so duk sanarwar da zata yi aiki daga can ya kamata ta fito tun yana raye. Mafi yawan masu kukan "wallahi kwastomomina sun ɓace" cire tsohon sim ɗin suka fara yi suka jefa a durowa, sannan suka fara tunanin sanarwa.

Kafin komai ka tambayi kanka, dole ne ma sai ka canza lambar?

In matsalarka sabis ce, ace ka koma Rigasa ko Hayin Banki ko can wajen Mando a nan Kaduna kaga layinka baya kamawa a cikin ɗaki sai ka fito tsakar gida kana ɗaga waya sama, to ba sai ka rabu da lambarka ba. Tun 2013 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta kawo tsarin da zaka koma wani kamfanin da lambarka yadda take, wanda ake cewa fotin. Ofishin kamfanin da kake so ka koma zaka je da sim ɗinka da NIN ɗinka, su cike maka fom, su sa ka tura kalmar PORT zuwa 3232, su baka sabon sim, shikenan lambar na nan 0803 ɗinta ko 0802 ɗinta amma sabis ɗin na wani kamfani ne. Ka dai cinye katinka da datarka kafin ka je don basa bin ka. In kuma wayar aka sace ko ta faɗi a keke, walkam bak zaka yi a dawo maka da lambarka, ba sabon layi ba. Wanda yayi ɗaya daga cikin biyun nan babu wanda zai sanar, ya huta.

Amma akwai wanda dole ya canza. Wani layin ba da sunansa akayi rijista ba, tun zamanin da ake sayen sim a bakin titi da rijistarsa, tunda aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020 ya rasa yadda zai yi. Wata kuma damunta ake da kira. Wani yana so ya raba layin kasuwa da na gida. To ga yadda ake bi.

Mataki na farko, sabon layin ya tsaya da ƙafarsa

Kayi masa rijista da NIN ɗinka kai da kanka, ba na ƙaninka ba, ba na matarka ba. Ka saka shi a waya ka kira wani, a kira ka, sannan abu mafi muhimmanci a turo maka tes ka tabbatar yana shiga, domin duk abinda zai biyo baya da lambobin sirri da ake turowa ta tes yake tafiya. Sabon sim wani lokaci yana kira lafiya lau amma tes sai ya ɗau lokaci kafin ya fara shiga, kar ka fara komai sai ka gani da idonka. Yawancin wayoyin mu sim biyu suke ɗauka, ka bar su duka a ciki.

Sai ka duba inda lambobin mutane suke ajiye. Da yawa cikin iyayenmu a kan sim ɗin lambobinsu suke, ranar da aka cire shi komai ya tafi. Ka shiga Contacts ka nemi Import, ka kwashe su daga sim zuwa akawun ɗinka na Google, daga nan ko wace waya ka koma suna biye da kai.

Mataki na biyu, kayi shela tun kana kan tsohuwar lamba

Nan ne mutane ke yin abin a juye. Burodkas na WhatsApp, wato saƙon da zaka tura ma mutane da yawa lokaci ɗaya kowa ya same shi shi kaɗai, baya isa sai ga wanda yayi sebin ɗin lambarka a wayarsa. Sitatus ma haka, sai kana da lambarsa yana da taka. To kaga in ka riga ka koma sabuwar lamba sannan ka tura burodkas, babu wanda yake da ita, saƙon zai tsaya a layi ɗaya kana ta jira, ka saka sitatus mutum uku su gani kace mutane sun daina yi da kai. Don haka tun kwana biyu ko uku kafin ka canza, ka buɗe WhatsApp, ɗigo ukun nan na sama, New broadcast, ka zaɓi mutane. Kowane jeri mutum 256 yake ɗauka, in mutanenka sun fi haka sai ka yi jeri biyu ko uku, ni ina ganin ma gara ka raba su da gangan, 'yan uwa daban, kwastomomi daban, abokan aiki daban, don yadda zaka yi ma Kawu magana ba haka zaka yi ma abokin makaranta ba.

Saƙon kar ya yi tsawo. Wani abu kamar:

"Assalamu alaikum, ina fatan kuna lafiya. Daga ranar Juma'a in sha Allah zan koma amfani da wannan lambar: (sai ka rubuta ta). Don Allah ayi sebin ɗinta. Wannan tsohuwar tana nan a hannuna zuwa wani lokaci. Bazan taɓa neman kuɗi ko wata lambar sirri ta saƙo ba, duk wanda yaga haka ya kira ni. Nagode."

Wannan layin na ƙarshe kar ka cire shi. 'Yan damfara sun riga sun ɓata kalmar "na canza layi", kowa a garin nan ya san labarin wanda aka tura ma saƙo da sunan ɗan uwansa wai ya canza lamba yana asibiti a turo dubu ashirin, shi yasa in baƙuwar lamba ta turo irin saƙon nan mutum mai hankali share ta yake. Amma in daga tsohuwar lambar da ya sani ne ya fito, ba gardama. In ka haɗa da gajeren saƙon murya ya fi, musamman saboda dattawa da waɗanda karatun boko bai dame su ba, Hajiya taji muryarka da kunnenta magana ta ƙare.

Wata dabara kuma, kayi sebin ɗin sabuwar lambar a wayarka da cikakken sunanka, sai ka tura ta a matsayin Contact ta alamar maƙala abu ɗinnan, mutum dannawa kawai zai yi ta shiga, ba sai ya kwafa yana ɓata lamba ɗaya ba. Sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace, sai ka sabunta shi kullum har ranar.

Mataki na uku, wanda shine mai yi da kansa ɗin

WhatsApp nada wajen canza lamba, kuma shine abu mafi kusa da abinda mutane ke nufi in sunce "ya sanar da kowa da kansa". Kuskuren da ake yi shine goge WhatsApp ɗin a sake buɗe sabo da sabon layi. In kayi haka sabon akawun ɗin baya cikin ko ɗaya daga guruf ɗinka, hirarrakinka sun tafi, tsohon akawun ɗin kuma yana nan da hotonka mutane na ta tura masa saƙo.

Yadda ake yi: Settings, sai Account, sai Change number, ka danna Next. Zai baka gurbi biyu, na sama tsohuwar lamba, na ƙasa sabuwa, ka tabbatar 234 ne a gaba kuma ka cire sifilin farko, wato 0803 ta koma 803. Ka danna Next. To a shafin da zai biyo baya ka tsaya ka nutsu, don nan ne ake wucewa da sauri. Akwai wajen da aka rubuta Notify contacts, a kashe yake zuwa, kai zaka kunna shi. Da ka kunna zai baka zaɓi uku. All contacts shine kowa da kowa dake cikin wayarka. Contacts I have chats with shine waɗanda kuke da hira dasu kaɗai. Custom kuma kai zaka bi ka zaɓa da hannu.

Ɗan kasuwa, ace kana da shago a Kasuwar Bacci ko Kasuwar Gumi ko kana sayar da kayan gyara a Panteka, na farkon zaka ɗauka, ba ka da asarar komai. Amma wadda ta canza layi don gudun wani, 'yar uwa Custom ne naki, ki zauna ki tsince su ɗaya bayan ɗaya ko zai ɗauke ki rabin awa. Kuma ki san wannan: duk guruf ɗin da kike ciki sai an sanar dasu kin canza lamba, ko kin kunna Notify ko baki kunna ba, wannan WhatsApp baya tambaya. In wanda kike gudu yana guruf ɗin 'yan ajinku ko na unguwa to zai ga sabuwar lambar a can, sai dai ki fita daga guruf ɗin kafin ki canza, kiyi bulokin ɗinsa tun kina kan tsohuwar.

Ka danna Done, za'a turo lamba 6 ta tes zuwa sabon layin, ka saka, an gama. Hotonka, sunanka, guruf ɗinka, hirarrakinka duk suna nan matuƙar a kan wayar ɗaya kayi. Tsohon akawun ɗin kuma an rufe shi.

Lura da cewa sabon layin ake tura ma lambar sirrin, ba tsohon ba. Ma'ana ko tsohon sim ɗin ya lalace ko an rufe shi, in dai WhatsApp ɗin na buɗe a wayarka zaka iya wannan matakin, kar ka bari wani mai gyaran waya ya goge maka shi da sunan filashin kafin kayi. In kuma waya da layi zaka canza gaba ɗaya, to a tsohuwar wayar zaka fara canza lambar, sannan ka shiga Chats, Chat backup, ka ajiye a Google Drive, sai ka buɗe a sabuwar wayar da sabuwar lambar ka dawo da kayanka. In ka juya tsarin nan zaka sha wahala.

Me mutanen zasu gani? Wani ɗan rubutu ne zai fito a tsakiyar hirarku cewa wane ya canza lamba, a danna don a tura masa saƙo ko ayi sebin. Baya shiga cikin lambobin wayarsu da kansa, sai sun danna. Kuma ɗan ƙaramin rubutu ne, mai guruf arba'in a waya zai iya wata guda bai lura ba, shi yasa nace shelar farko ɗin nan ba'a tsallake ta. Da ka gama, ka leƙa Account, Two-step verification, ka saka fin mai lamba 6 da imel in baka dashi.

Telegram shi ya ma fi sauƙi. Cikin Settings ka danna lambarka ka zaɓi Change number, komai naka zai koma, kuma waɗanda kuke da lambar juna sabuwar zata shiga musu a Telegram ɗin da kanta. Signal ma nada irin wannan tun 2022, ga mai amfani dashi.

Mataki na huɗu, masu ƙaramar waya

Ba kowa ke WhatsApp ba, kuma sau da yawa su ne waɗanda rasa su yafi ciwo, Baba a ƙauye, mai kawo maka kaya daga Giwa ko Soba, mai keken dake kai yara makaranta, malamin islamiyya, mai ruwa. Su tes ne ko kira. Daga tsohon layin zaka tura, ka zaɓi mutane da yawa a saƙo ɗaya, amma in Google Messages kake amfani dashi ka shiga saitin ɗinsa wajen Advanced, Group messaging, ka zaɓi wanda aka rubuta mass text, don kowa ya samu nasa daban, in ba haka ba zai maida shi saƙon guruf na MMS wanda ƙananan wayoyi da yawa basa buɗewa.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da zarar ka saka harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ɗan hoton dariya ɗinnan, sai ya koma 70 kacal, saƙon da kake gani shafi ɗaya ya zama uku. Tes yanzu naira 6 ne tun ƙarin kuɗin 2025, in mutum 300 zaka tura ma shafi ɗaya naira 1,800 kenan, in ya zama shafi uku kuma 5,400. Don haka a tes ka rubuta k da d da b zalla, za'a gane. Kuma ka saka sunanka a ciki, wani bai taɓa sebin ɗinka ba haddace lambar yayi. Shafukan nan masu tura saƙo dubu lokaci ɗaya ni ban cika son su ga wannan aikin ba, saƙon baya fitowa da lambarka, kamar talla yake zuwa, ga shi mutane da yawa sun toshe tallace tallace ta 2442.

Manya kuwa, iyaye, surukai, maigidanka na kasuwa, malaminka, waɗannan ba'a tura musu burodkas a zauna. Ka kira da tsohon layin ku gaisa, kace Baba zan kira yanzu da wata lamba a ɗauka, sai ka kira da sabon, in akwai yaro kusa ya saka musu ita a waya ya goge tsohuwar.

Mataki na biyar, ka sa tsohon layin ya cigaba da yi maka gadi

Duk yadda kayi sai an samu wanda bai ji ba. Abu biyu zaka kafa masa.

Na ɗaya tura kira. A kan tsohon layin ka danna **62* sai sabuwar lambar sai # ka kira, daga nan duk lokacin da tsohon yake kashe ko ba sabis kiran zai faɗo kan sabon. In so kake duk kira ya wuce kai tsaye to **21* ne a maimakon **62*. Ranar da kake so ka soke, ##002# yana share duka. Amma kuɗin turawar daga katin tsohon layin ake cira, sai ka bar masa ɗan canji, kuma kira kaɗai yake turawa banda tes, alat ɗin banki bazai biyo ba. Shi mai kiran kuma bai san an tura shi ba, in ka ɗauka sai ka gaya masa da baki.

Na biyu yafi daɗi ga 'yan kasuwa. Bayan ka maida WhatsApp ɗinka kan sabuwar lamba, tsohuwar ta zama fanko, sai ka sauko da WhatsApp Business ka buɗe shi da ita, su biyun suna zama a waya ɗaya ba matsala. Ka shiga Business tools, Away message, ka kunna, ka rubuta "Na koma wannan lambar, a tuntuɓe ni a can", wajen lokaci ka zaɓi Always send, wajen masu karɓa ka bar shi a kowa. Duk wanda yayi ma tsohuwar lambar magana amsa zata je masa da kanta ko kana barci, sharaɗin kawai wayar ta kasance da data. In ka so ka haɗa da linki, wa.me/234 sai lambar ba sifilin farko, yana dannawa sai gashi a hirarka.

Waɗanda babu mai sanar dasu sai kai

Banki, hukumar NIMC mai bada NIN, Google, Facebook, waɗannan ba ruwansu da sitatus ɗinka. Kuma nan ne haɗarin yake, domin layin da aka daina amfani dashi ba zama yake ba har abada, a ƙa'idar NCC in yayi wata 6 ba'a yi komai dashi ba ana iya rufe shi, in aka ƙara wasu wata 6 ana iya sayar ma wani. Kaga kenan kamar ka tashi daga gidan haya ne ka bar ma sabon ɗan haya makullin akwatinka, alat ɗinka na zuwa masa, lambar sirrin shiga akawun ɗinka na zuwa masa, ga kuma lambobin tiransifa na banki irin su *737# da *901# da *894# duk da layin da ke jikin akawun suke aiki.

Don haka ka ware rana guda ka je bankinka da katin shaida, ka cike fom a canza lambar akawun, kuma ka faɗa musu a fili har ta jikin BVN kake so a canza, don abu biyu ne daban, wani sai a gyara masa ɗaya ya tafi yana murna. Ka je da sassafe, kowa ya san yadda layin bankunan Yakubu Gowon Way yake in rana ta ɗaga. Lambar dake jikin NIN kuma wajen NIMC ake gyarawa, ana biyan kuɗi.

Masu OPay da PalmPay ku kula sosai, tunda lambar akawun ɗin ita ce lambar wayar aka cire sifili, mutane sun saba in zasu turo maka kuɗi lambar wayarka kawai suke bugawa. Ka gyara lambar a cikin manhajar, ka duba wace lambar akawun take nuna maka bayan nan, ita zaka tura ma kwastomomi, kuma ka roƙe su su dinga karanta sunan da ya fito kafin su danna tura.

Google da Facebook kuma ta Settings ne, ka saka sabuwar lambar, ka tabbatar da ita, sannan ka cire tsohuwar, kar ka bar su biyun. In akwai yaro a gidan da yayi rijistar JAMB da layin nan, wato dashi aka tura NIN zuwa 55019 aka karɓi lambar rijista, to wannan sim ɗin ba na yarwa bane sam har sai ya shiga makaranta, a ajiye shi wuri mai kyau.

Sauran su ne waɗanda ake mantawa, makarantar yara, wajen aiki, katin asibiti, allon shago, lambar da aka buga a jikin leda ko rasit, da wadda ka rubuta a shafinka na Instagram ko TikTok. Shi tsohon layin ka riƙe shi aƙalla wata shida zuwa shekara, ka dinga saka masa ko naira 100 kana yin kira ɗaya duk wata don kar a rufe, kana kuma duba tes ɗin dake shigowa, duk saƙon da ka gani daga wata ma'aikata ko manhaja to ka san can ma baka canza ba, sai ka bi ka gyara.